Kawu da Yaron da Ya Riƙe

Kawu yana da wata 'yar ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Duk ƙofar da zai shiga a bakin aiki, ta aji ce ko ta gidan mutane, sai ya tsaya ya cire tabarau ɗinsa, ya naɗe a hankici, ya tura a aljihun wando. Ba ya gani sosai in babu shi. In an tambaye shi dalili, sai ya ce ya gaji da gaisawa da mai gyaran tabarau. Ba ya ƙara komai a kan haka, amma wanda ya dubi karan hancinsa da kyau zai ga inda ƙarfe ya taɓa nutsewa.

Ba kawun kowa ba ne a wurin. Yara suka laƙaba masa, malamai suka ɗauka, har aka manta da sunansa na yanka. A ofishin ilimi na yankin yake aiki, a sashen kula da ɗalibai. Sashen ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, da tebur biyu da fanka mai kuka. Shugabar sashen ce ke zaune a teburin da ke kusa da taga, ita ke amsa waya, ita ke zuwa taro. Shi Kawu babur aka ba shi. Yaron da ya daina zuwa makaranta, da yarinyar da ke suma a aji, da wanda aka gani da shatin bulala a wuya, duk shi ake turawa. Amma abin da aka fi kiransa a kai shi ne faɗa.

Kafin ya zo nan ya daɗe yana aiki a asibiti, a ɗakin masu taɓin hankali, a can ya koyi riƙon mutum. Ta baya ake zuwa. Ka rungume hannuwansa duka biyu, ka sarƙe yatsunka a kan cikinsa, ka kwantar da kumatunka a gadon bayansa don kada ya fasa maka baki da ƙeya, ka sa gwiwa a bayan gwiwarsa. Sannan ka yi ta magana a hankali har jikinsa ya mutu. Kawu ya koya wa malamai da yawa wannan riƙon, kuma kullum da magana ɗaya yake rufewa: in yara biyu na faɗa, babban za ka riƙe, ƙaramin da kansa zai nemi hanya.

Matarsa ba ta ɗauki aikin da daraja ba, ko dai haka take nunawa.

"Mijin kowa in ya ce aikin ofis yake yi, da rigarsa yake dawowa," ta kan ce, tana riƙe da zare a baki. "Nawa kuwa sai ya dawo da rabin riga. Malam, wai a ofishin naku kuraye ake kiwo?"

"'Ya'yan mutane ne, tsohuwa."

"To Allah ya shirya mutanen."

A ɗaya daga cikin makarantun akwai wani yaro da ake kira Tanka. Bai wuce sha biyar ba, amma ya fi malamansa tsawo da faɗi, kuma yana da in'ina mai nauyi. In aka tsokane shi, kalmar da zai rama da ita sai ta maƙale a maƙogwaro, ya yi ta fama da ita yara na dariya, daga nan sai hannunsa ya ƙarasa maganar. Kawu ya riƙe shi ya fi a ƙirga. Har suka saba. Da zarar Tanka ya ji hannuwan nan sun zagaye shi, ya ji muryar nan tana cewa "Ya isa, ɗana, ina nan," sai ya saki jiki kamar wanda aka sauke wa kaya. Wani lokaci ma Kawu kan ga kamar jiran zuwansa yaron yake yi.

Mai tsokanar tasa wani ɗan ƙaramin yaro ne, Sauro. Ba shi da ƙarfi, baki ne da shi, kuma ya iya kwaikwayon in'inar nan har da yadda leɓe ke rawa. Wata rana Tanka ya kama shi ya buga da allo, haƙorinsa na gaba ya guntule. Aka kira iyaye, aka yi faɗa, aka ce ya wuce. Ba wanda ya tambayi Sauro ko ya wuce ɗin.

Ranar da abin ya faru Kawu yana makarantar kan wata magana daban, sai ihu ya tashi daga ajin ƙarshe lokacin hutun cin abinci. Ya tafi da sauri, ya tsaya a ƙofa ya yi abin da ya saba yi, ya shiga. Yara sun yi da'ira, wasu a kan tebura. Dishi-dishi ya hango ƙaton baya a tsakiya, bai buƙaci a gaya masa ko na wane ne ba. Ya ratsa, ya rungume shi, ya sarƙe yatsu, ya kwantar da kumatu.

"Ya isa, ɗana. Ina nan."

Tanka bai saki jiki ba. Fizgewa ya shiga yi, irin wadda bai taɓa yi ba, yana ja da baya yana take ƙafar Kawu, wani sauti na fita daga bakinsa. Kawu ya ɗauka fushin ne ya yi yawa yau, sai ya ƙara matsewa, ya danna gwiwa.

Wanda ke bayan Tanka ba ya ganin abin da ke gaban Tanka. Sauro ya zo makaranta da kwaɗon ƙofa a cikin safa, ya ɗaure bakinta, yana juya ta.

Kawu bai ga dukan ba, a ƙirjinsa ya ji shi. Na farko ya zo kamar an buga ƙofa daga waje. Na biyu ya zo da wata ƙara, kamar an taka busasshen kara. Kafin na uku yaran sun yi tsit, kuma wani abu mai ɗumi yana zuba a kan yatsunsa da ke sarƙe. Ko da ya saki, nauyin yaron ya tafi da shi ƙasa, suka faɗi tare tsakanin tebura. Ya juya fuskar yaron ya duba, ya cire rigarsa ya rufe gefen hagu, don yara na kallo.

Likita ya ce ƙashin kunci zai haɗu. Idon kam babu abin da za a yi masa.

Aka ɗauke Sauro daga makarantar, hukuma ta damƙa shi a hannun mahaifinsa. Malamai suka ce ƙaddara ce. Shugabar sashe ta ce wa Kawu ya yi abin da aka koyar, kuma kowa ma haka zai yi. Ya ce haka ne. Ya ɗauki makullin babur.

Gidan su Tanka ɗaki biyu ne a gidan haya, ta wani siririn lungu ake shiga. Mahaifinsu ya rasu, yayansa mai walda shi ke riƙe da gidan. Shi ne ya amsa sallamar. Ya tsaya ya cika ƙofa, gajere ne mai kauri, hannuwansa duk tabon tartsatsi.

"Kai ne Kawun?"

"Ni ne, ɗana. Na zo duba jikin..."

Marin ya juya masa kai, hularsa ta faɗa kwata. Kafin ya daidaita, mai walda ya shaƙe wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango, ya janyo shi, ya sake haɗawa. Ya sa masa gwiwa a ciki. Da Kawu ya durƙushe, sai ya bi shi da ƙafa, a haƙarƙari, a cinya, a haƙarƙari kuma. Ba ihu yake yi ba. A hankali yake magana, yana haki.

"Riƙe shi ka yi. An gaya min. Ka ɗaure masa hannu kamar rago. Da ka bar shi da hannunsa, da wancan ɗan ƙwaron ya isa? Yi magana, tsoho. Ba ku ne masu magana ba?"

Kawu ya san hanyoyi da yawa na kayar da mutum irin wannan. Ya dunƙule ya kare kansa da hannu, ya jira. Maƙwabta suka leƙo suka koma. Sai da mahaifiyar ta fito ta kama ɗanta ta bel.

"A ƙofar ɗakina za ka kashe mutum? Ɗaya na kwance, kai kuma a kai ka kurkuku, ni in zauna da wa? Wuce ka ba ni wuri."

Ya wuce. Kawu ya dafa bango ya miƙe, ya tsamo hularsa ya matse. Ya gaishe da matar kamar yadda ake gaisuwa, ya tambayi mai jiki. Ta dube shi ta daɗe.

"Bawan Allah, me kake nema a nan?"

"Yaron zai koma makaranta, Inna."

"Makarantar da aka cire masa ido?"

"Ita. In ya zauna a ɗakin nan zai ji labarin abin da aka yi masa safe da yamma, daga bakin da ba ya gajiya. Na san inda wannan ke kai yaro. Zan dawo in na ɗan miƙe."

A gida matarsa ta gasa masa haƙarƙarin da ruwan zafi, ba ta tausaya wa hannunta ba.

"Ka kai ƙara."

"Ƙarar wa? Yaron da aka kawo wa ƙanensa da ido ɗaya?"

"To ni zan kai taka. Wanda ya mayar da ni tela, yanzu kuma ya mayar da ni nas." Ta matsa tawul ɗin ya yi nishi. Can ta sassauta murya. "Komawa za ka yi."

"Da safe, in ya tafi shago."

Haka ya riƙa yi. Ya kan bari sai mai walda ya fita, ya ajiye babur a bakin lungu. Da farko Tanka bai ko juyo ba, yana kwance fuskarsa a bango. Kawu sai ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta ba mahaifiyar labarin asibiti, na majinyacin da ya ce shi ne likita har ya rubuta wa likitan magani. In ya gama ya yi sallama ya tafi. Yana lura da abubuwa. Yaron in zai zuba ruwa a kofi, a gefen kofin yake zubawa. In zai fita ban-ɗaki, kafaɗarsa ta hagu sai ta bugi ƙofa. Kowane lokaci haka ta faru sai ya naushi bango, har bayan hannunsa ya farfashe.

Kawu ya nuna masa ya riƙa taɓa bakin kofin da bakin butar kafin ya zuba. Ya zo da ƙwallon roba suna jefa wa juna, tana bugun yaron a ƙirji, a goshi, har ya fara cafewa. Sannan wata safiya ya ce su taka zuwa bakin lungu. Washegari suka kai famfo. Bayan nan shagon magani. Ba sa bin layin masu walda, ko da yake ya fi kusa. Kawu kullum a hagunsa yake tafiya, kafaɗa na gogar kafaɗa.

"Ni ne idonka na wannan gefen," ya ce masa. "Sai dai ka yi haƙuri, ba sabo aka samo maka ba."

Tanka ya yi wata dariya ta hanci, ya dafe kuncinsa don zafi.

A kan dakalin shagon magani ne yaron ya yi tambayar. Ya daɗe yana kokawa da ita, Kawu bai taya shi ba, don bai taɓa ƙarasa masa magana ba.

"Me ya sa... ba ka s-sake ni ba?"

"Ban ga abin da ke hannunsa ba."

"Ka ji na ƙi ts-tsayawa."

"Na ji."

"Ban taɓa ƙi ba."

"Ba ka taɓa ba."

Suka zauna. Wani mai kura ya wuce da jarkoki suna kaɗawa. Can Tanka ya miƙe, ya tsaya yana jira har Kawu ya zagayo hagunsa, suka ci gaba har kwanar gidan burodi, wadda ba su taɓa kaiwa ba.

Da Kawu ya ga tafiya ta miƙa, sai ya gaya wa shugabar sashe cewa yaron ya kusa komawa aji. Ta ji daɗi ƙwarai. Mace ce mai kirki wadda aiki ya gajiyar, ta yi kuka ranar da ta ga hoton fuskar. Ta ce to sai a shirya zaman sulhu.

"Ranki ya daɗe, ko a ɗaga wannan?"

"Ƙa'ida ce, Kawu, ka fi ni sani. In an zubar da jini, ba mai komawa aji sai an zauna, an nemi gafara, an gaisa. Shi ma ɗayan ba makarantar da za ta karɓe shi sai da haka."

"Ɗakin nan ƙarami ne."

"Sai mu fitar da tebur ɗaya."

"Ba tebur nake nufi ba."

Ta cire hannu daga kan waya ta dube shi. "Na yi irin wannan zama da yawa. Mutum in ya ga ɗan'uwansa ido da ido, zuciyarsa sanyi take yi. Ka ga abin da ban gani ba ne?"

Bai taɓa gaya mata abin da ya faru a lungu ba. Ya ce mata daga babur ya faɗi. Yanzu in ya faɗa, sai an sa 'yan sanda a maganar, in kuwa aka kama mai walda, mahaifiyar ba za ta sake buɗe masa ƙofa ba. Sai ya ce a gayyaci uwar kawai. Ta ce to. Amma ɗan aiken ofis ya bi abin da ke rubuce, ya kai wa wanda ke riƙe da gidan.

Da hantsi aka yi zaman. An fitar da teburan duka biyu, an jera kujeru masu ƙafar ƙarfe a da'ira, don an ce kada a bar komai tsakanin mutane. Sauro ya zo da mahaifinsa, wani siririn direba da ke ta goge tafin hannu a gwiwa. Yaron ya ƙara ƙanƙancewa, ƙafarsa da kyar take taɓa ƙasa. Tanka ya zauna kusa da mahaifiyarsa da baƙin gilashi a fuska, yayansa a hagunsa. Mai walda ya yi wanka ya sa riga mai tsabta, ya gaida kowa da ladabi, har da direban. Shugabar ta kalli Kawu ta yi ɗan murmushi.

Nan ofishinsu ne, don haka tabarau ɗinsa na kan hancinsa. Ya ga rigar mai walda mai dogon hannu ce, a wannan zafi. Ya ga hannun dama ba ya lanƙwasuwa. Bai zauna ba, ya ce bayansa ke ciwo, ya tsaya jikin bango a bayan kujerar mai walda.

Shugabar ta yi jawabi mai kyau. Direban ya ba da haƙuri har muryarsa ta karye, ya ce da za a iya cire nasa a sa wa yaron da ya bayar. Mahaifiyar Tanka ta ce ta bar wa Allah. Aka tambayi mai walda, ya ce abin da mahaifiyarsa ta ce shi ne. Sai shugabar ta ce wa Sauro ya tashi ya je ya ba ɗan'uwansa hannu.

Yaron ya sauko daga kujera. Kafin ya kai wurin Tanka dole ya gifta ta gaban yayan.

Guntun rodi ne. Ya zame daga hannun riga zuwa tafin hannu, mai walda na miƙewa yana ɗaga shi. Bayansa na nan a gaban Kawu, a buɗe, taku ɗaya. Hannuwan Kawu har sun buɗe da kansu. Sai ya hango ta saman kafaɗar mutumin, direban ya miƙe ya ɗaga kujera da hannu biyu, ƙafafun ƙarfen na kallon gaba.

Bai riƙe kowa ba. Ya kutsa ta gefe ya faɗa tsakiya, ya hankaɗe Sauro ƙasa. Rodin ya same shi a saman kunne. Kujerar ta sauka a gadon bayansa. Ya faɗi a kan yaron ya rufe shi, gilashin tabarau ya watse a siminti, jini ya bi kumatunsa yana ɗiga a wuyan Sauro, wanda ke ta ihu yana cewa an kashe shi. Mai walda ya sake ɗagawa. Ya tsaya da hannu a sama, yana kallon furfurar da ta rine. Sai ya saki rodin, ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Tanka bai ga komai ba. Duk abin a gefen hagunsa ya faru. Ƙara kawai ya ji, ko da ya juyo da kansa gaba ɗaya, an gama.

Aka yi wa Kawu ɗinki. Likita ya ce a ɗauki hoton kan, injin kuwa ya lalace, sai a wani asibitin. Ya ce zai je in ya samu sarari. 'Yan sanda suka tambaye shi, ya ce shi ya kai kansa inda ƙarfe yake. Ba su karɓi wannan ba, suka tafi da mai walda. Shugabar ta zo duba shi a gida, ta zauna a bakin kujera ta kasa haɗa ido da matarsa.

"Kawu, da ka gaya min."

"Da na gaya miki, ranki ya daɗe." Ya gyara kwanciya. "Amma zama dai an yi, ko?"

Ta dube shi.

"An zauna, an nemi gafara. Hannun ne ba a kai ga bayarwa ba. Ki rubuta an yi, yaran nan su koma aji."

Ta rubuta.

Da ya tashi zai fita, matarsa ta tsaya a ƙofa da makullin babur a hannunta.

"Malam, jiya sau biyu ka kira ni da sunan ƙanwarka."

"Ai kun yi kama."

"Ba wasa nake ba. Asibiti za ka."

"Daga can zan wuce. Saura kaɗan, tsohuwa, titi ne kawai ya rage mana. In na bar shi yanzu, ɗaki zai koma, ga shi ba kowa a gidan sai uwar."

Ba ta ba shi makullin ba. Ya tafi a ƙasa.

Ya tarar da Tanka zaune a bakin lungu, ya sa kayan makaranta, wandon ya ɗage masa. Ba su yi maganar yayansa ba. Yaron ya dubi bandejin. Suka wuce famfo, suka wuce shagon magani da gidan burodi. Yau Kawu ne kafaɗarsa ke yawan bugun ta yaron, har Tanka ya riƙe masa gwiwar hannu.

Makarantar tana ƙetaren babban titi, mai hannu biyu, da manyan motoci da babura ba tsayawa. Suka tsaya gaban wani shagon littattafai, ƙofar makarantar na kallonsu. Tanka ya sa ƙafa ɗaya a kwalta ya janye. Da ido ɗaya ba ya gane wace mota ce nesa, wace ce a kansa.

"Kada ka yarda da girman mota," Kawu ya ce. Maganarsa na fita a hankali fiye da kullum. "Ka ga turken lantarki can, mai fenti? Shi za ka riƙe. In mota ba ta kai shi ba, kana da lokaci. In ta wuce shi, bar ta ta tafi. Kuma da kai duka za ka juya, ba da ido ba. Wannan na hannun farko ne. In ka kai tsakiya, akwai wani abin da za ka duba, don can ta gefen..."

Ya tsaya. Ya juya ya yi amai a kwata. Mai shagon ya fito da benci da ruwa, ya ce ko a kira mota. Kawu ya kurkure baki ya ce rana ce kawai. Ya zauna ya jingina da bango, ya ce wa yaron ya riƙa faɗa masa wace mota ce ta kai turken, wace ce ba ta kai ba. Tanka ya yi ta faɗa, yana kuskure, yana gyarawa, har ya daina kuskure. Aka kaɗa ƙararrawa a ƙetare, mai gadi ya ja ƙofa.

"Yau kallo muka yi," Kawu ya ce. "Ka iya rabi. Rabin can sai na nuna maka a tsakiyar, ba a iya bayaninsa daga nan."

Mai shagon ne ya tare masa mota. Bai wuce asibitin ba, ya ce a kai shi gida ya ɗan kwanta tukuna. Matarsa ta rufe masa taga saboda haske na damunsa. Da la'asar ta shiga tashinsa, ta tarar ya cika.

An yi jana'iza da mutane da yawa, har da waɗansu ƙattai da ba wanda ya san su, suka ce ya taɓa riƙe su suna yara. Shugabar ta ce za a turo wani a madadinsa. Babur ɗin yana nan a baranda, an ɗaure shi da sarƙa.

Mai shagon littattafai ya ce yaron na zuwa da safe da kayan makaranta, ya tsaya a inda suka tsaya. Yana juya kai gaba ɗaya, leɓensa na motsi, kuma ba ya kuskuren turken. Mai shagon ya taɓa cewa zai riƙe masa hannu su ƙetare. Yaron ya ɗauki hannayensa ya sa a aljihu, ya ce ba ya son a riƙe shi. Wata safiya ya samu sarari ya taka har tsakiyar titi, ya hau dakalin da ya raba hannu biyun, ya tsaya. Motoci na wucewa ta gabansa da ta bayansa. Ya duba nan, ya duba can, yana neman abin da aka ce zai duba.